Mai Ƙafa Uku

La'asar sakaliya a Ƙofar Marusa,
Mannir ya kwance kwali daga bayan babur.
Allon injin ƙyanƙyasa ne, ya mutu tun hantsi.
Ƙwan zabo saba'in ya baro Batagarawa,
lulluɓe da bargo, kwana goma sha tara a kansu.
Ya ce, "Malam Lurwanu, ƙwai ba ya jiran gobe."

Na buɗe. Hanci ya riga ido gani,
ƙaurin nan da ba na tukunya ba.
Ga ta can a lungu, baƙa, ba ta kai ƙwallon dabino ba,
regileta mai ƙafa uku kamar murhu.
Ɗaya ta karɓa, ta tsakiya ta dafe ƙasa,
ta ukun ta miƙa wa allo iya lomarsa,
bolt biyar, ba ragi ba ƙari.

Rumasa'u ɗiyar ƙanena, wata bakwai tana koyo,
har ta ɗauko ƙarfen dalma za ta tumɓuke ta.
Na ce, dakata.
Ba a binne gawa a bar makashin a ɗaki.
Ɗora mita mu ji.
Ashirin da huɗu!
Mannir ya sosa ƙeya: cajarsa ce ta ɓata,
ya aro ta maƙwabci, baki ya shiga daidai.
Baki ya shiga, Mannir, amma ba dangi ba ne.
An ɗura mata ashirin da huɗu, biyar take bayarwa,
ina za ta kai sha taran da suka saura?
Ta yi ta haɗiya, ta yi ta haɗiya,
har cikinta ya zama garwashi.

Na zazzage gwangwanin madara a kan tebur.
Karanta lamba, ɗiyata, kar ki bi kama.
Bakwai, takwas, sifili, biyar.
Ga 'yar'uwarta mai bakwai da tara,
fuska ɗaya, hali daban, ƙafafu a sauye,
in kin dasa ta nan sai hayaƙi ya gaishe ki.
Shafa wa rubutun yawu, ki murza da yatsa,
in ya goge, jabu ce, jefa ta kwandon shara.
Ki ciyar da ita tara, ko goma sha biyu in ta kama,
ƙasa da bakwai kuwa ba ta da ƙarfin kyauta.

Sai tsaro.
Mai aiki a rana yana son inuwa,
goya ta a bayan farantin sanholo,
farin mai kaɗan a tsakani, ƙusa ta ɗaure tamau.
Kafasita biyu, randa a ƙofa randa a ciki,
kusa da ƙafa, kar ruwa ya yi tangal-tangal.
Dayod a juye bisa kanta,
in wuta ta yi kwana ta samu ƙofar fita.
Fiyus na gaskiya, ba silin waya ba,
shi aka ɗauka aikin mutuwa domin sauran su rayu.

Hannunta na rawa, dalma ta narke ta kwanta.
Na kunna.
Biyar, cif.
Na taɓa sanholo, ɗumin jikin jinjiri.

Mannir ya tsaya cinikin kuɗin dayod,
wai wannan ɗan tsakin ai ba dole ba ne.
Na bar masa, ya tada babur ba sallama.

Kwana tara ya bugo waya bai ce uffan ba,
sai tsiyau-tsiyau ya cika mini kunne.
Hamsin da ɗaya, in ji shi daga baya.
Sauran sanyi ya riga mu.

Ƙonanniyar tana nan cikin ashanar Rumasa'u.
Ban tambaye ta dalili ba.